Yadda Ake Noman Abarbar Allada, Daga Zaɓen Iri Zuwa Ranar Yanka

Wanda ya saba da abarba mai ruwan ɗorawa, in ya ga ta Allada a kan tire sai ya ce ba ta nuna ba. Doguwa ce, gindinta da faɗi, samanta a tsuke, ɓawonta kore shar ko da ta nuna sarai. Sai an yanka ake ganin cikinta fari, ga ruwa, ga zaƙi, tsaminta kaɗan, har sandar tsakiyar ma ana iya taunewa. Sunanta a kasuwa Pain de Sucre, gidanta kuma tudun Allada da ke kudancin Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 50 arewa da Kwatano.

Abu ɗaya ya kamata mai son nomanta ya riƙe tun kafin ya ɗauki adda: kowace shuka 'ya ɗaya tak take bayarwa, ita ma sai bayan wata 15 zuwa 18. Babu zagaye na biyu da za a gyara kuskure a cikinsa. Duk aikin da za a bayyana a nan manufarsa a samu gona wadda shukokinta suka tashi kai ɗaya, suka yi fure a mako ɗaya, suka nuna a mako ɗaya.

Inda ta fito

Asalin abarba Kudancin Amurka ne, wajen kogunan Parana da Paraguwai. Turawa sun fara ganinta a 1493, lokacin da Kolumbus ya sauka a tsibirin Gwadalup, kuma jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Allada a wancan zamani babbar masarauta ce mai hulɗa da fataken teku, har zuwa 1724 da Sarki Agaja na Dahome ya ci ta da yaƙi. Masana tsirrai na sanya Pain de Sucre a gida ɗaya da abarbar Pérola ta Birazil, kuma duk wanda ya ga su biyun ba zai yi musu ba.

Ɗaruruwan shekaru ana dasa ta a bayan gida da gefen gona. Nomanta na kasuwa sai a shekarun 1970 ya kankama, ya kuma bunƙasa sosai daga 1990 da 'yan kasuwa da ƙananan manoma suka shigo. Yau jihar Atlantik ce cibiyarta: Allada, Ze, Toffo, Tori-Bossito da Abome-Kalabi. Benin na samar da fiye da tan 400,000 na abarba a shekara, mafi yawanta wannan iri ne, kuma babbar mai saye ita ce Nijeriya. Shi ya sa rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya jijjiga manoman yankin ƙwarai. A watan Oktoban 2020 ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta yi wa sunan abarbar tudun Allada rajista, ta zama kayan Benin na farko da ya samu irin wannan kariya. A 2023 kuma ƙasar Sin ta buɗe mata kasuwarta.

Ƙasa da gyaranta

Sirrin tudun Allada jar ƙasarsa ce: mai zurfi, mai laushi, ruwa ba ya kwanciya a kanta, ga ɗan tsami daidai yadda abarba ke so, wato awon pH tsakanin 4.5 da 5.5. Ruwan sama kan kai milimita 1,100 zuwa 1,200 a shekara, a damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Da an gangara arewa zuwa kwarin Lama, inda ƙasa ta zama baƙin laka mai riƙe ruwa, labari ya canza. Abarba ba ta yin kirki a can.

Abarba na jure fari fiye da yadda ake zato, domin da dare take buɗe ƙofofin numfashin ganyenta, da rana ta rufe. Abin da ba ta jurewa shi ne jiƙar gindi. Kafin a yanke shawara a kan fili, a haƙa rami mai zurfin santimita 60, a dawo washegarin ruwa mai ƙarfi. In an tarar da ruwa tsaye a ciki, a nemi wani wuri.

A sassabe, a tumɓuke kututture, sannan a yi wa tofa aiki na musamman. Saiwarta a ƙarƙashin ƙasa take tafiya, kowane guntu da aka bari zai tsiro, kuma da zarar abarba ta rufe gona babu mai iya shiga ya ciro ta. A tsince saiwoyin a tara a ƙone, ko a yi feshin maganin da ke bin jijiya mako uku kafin huɗa. A yi huɗa mai zurfin santimita 25 zuwa 30, domin saiwar abarba a nan take zama, kuma ba ta da ƙarfin huda ƙasa mai tauri. Daga nan a ja kunyoyi masu faɗin kai, tsayinsu santimita 15 zuwa 20, a gicciye da gangare. Kada a zuba toka da yawa ko farar ƙasa ba tare da gwaji ba: in tsamin ƙasa ya ragu, cutar ruɓewar ƙoƙo, wato tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa, na ƙaruwa, ganye kuma ya riƙa yin fari saboda rashin sinadarin ƙarfe.

Iri: nan ake cin riba, nan ake faɗuwa

Ba a shuka abarba da ƙwaya. Jikin uwar ake ɓallowa, kuma iri uku take bayarwa: tukkun da ke kan 'yar, 'ya'yan wuya da ke fitowa a sandar da ke ɗauke da ita, da 'ya'yan gindi da ke fitowa daga kututturen. Tukku yana tafiya kasuwa tare da abarbar. Pain de Sucre kuwa Allah ya hore mata 'ya'yan wuya da yawa, don haka su ne irin da manoman Allada suka fi dogara da shi.

Tunda daga jikin uwa ake ɗauka, duk cutar da ke jikinta tana biyo ɗan. Saboda haka a je gonar da za a sayi iri tun uwayen na tsaye, a gani da ido. In an ga jerin shukoki ganyensu ya yi ja, bakinsa ya nannaɗe, ya langaɓe, to kada a ɗauki iri a wannan sashe ko kyauta ne. A ɓare ganyen ƙasa na 'ya'ya goma ko ashirin a duba: fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga a nan suke ɓuya.

Nauyin da ake so gram 300 zuwa 500. Wanda bai kai gram 200 ba yana daɗewa kafin ya tashi. Wanda ya wuce gram 600 kuma yakan yi fure da kansa tun bai isa ba, ya ba da 'yar abarba kamar dunƙulen hannu. Ga matakin da mutane da yawa ke tsallakewa don gaggawa, alhali ya fi kowane muhimmanci: a ware irin kashi uku. A kawo sikeli, a auna guda ɗaya mai gram 300, ɗaya mai 400, ɗaya mai 500, a ajiye su a gaban masu aiki su zama abin kwatance. Kowane kashi a dasa shi a nasa ɓangaren gona. Dalili kuwa, in babba da ƙarami suka zauna kusa da juna, babban zai yi wa ƙaramin inuwa, ya cinye masa taki, tazarar da ke tsakaninsu ta yi ta ƙaruwa. Ranar zuba kabaid, sinadarin da ake sa gona ta yi fure da shi lokaci ɗaya, ba a tambayar kowace shuka shekarunta. Duka za su yi fure, ƙananan su haifi abin da dillali ba zai kalla ba.

Bayan warewa a kife su, gindi sama, a rana, kwana 7 zuwa 14, har wurin ɓallin ya bushe. Kada a tara su tsibi a inuwa, zafi da laima za su sa gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Ana gobe dashe a ɓare ƙananan busassun ganyen gindi, kamar santimita 2 zuwa 3, har a ga 'yan ƙulle-ƙullen saiwa masu ruwan ƙasa. Sai a tsoma gindin da ƙoƙon a ruwan da aka haɗa maganin ƙwari da maganin ruɓa, irin mai sinadarin fosetil, bisa awon da ke jikin kwalin. A tsame, a tsayar da su a miƙe su kwana, maganin ya zauna a tsakanin ganye. Mai wannan aiki ya sa safar roba.

Dashe

Ana dasawa layi bibbiyu a kan kowace kunya. Tsakanin layukan biyu santimita 40, tsakanin shuka da shuka a layi santimita 30, hanyar da ke tsakanin kunya da kunya santimita 90. Wannan lissafi na ba da shuka wajen 51,000 a hekta ɗaya. In an matse zuwa santimita 25 a layi, za a haura 61,000, amma 'ya'yan za su ɗan ƙanƙance. Mai neman manya don kasuwar Legas ya tsaya a na farko. A ɗaura ƙulli a igiya kowane santimita 30, a ja ta da turaku, kuma shukokin layi na biyu su faɗa a tsakanin na layin farko, kada su yi daura da juna.

Zurfin rami santimita 8 zuwa 10 ya isa. A sa ɗan, a danne ƙasa a gefensa da hannu ko dunduniya. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kama ganye ɗaya a ɗan ja, in shukar ta taso, ba ta dasu ba. Babban abin kiyayewa shi ne kada ƙasa ta zuba a ƙoƙon tsakiya, domin daga nan sabon ganye ke fitowa, kuma ƙasar da ta shiga ita ke kai masa ruɓa.

Lokacin da ya fi dacewa farkon babbar damina ne ko farkon ƙarama, ƙasa na da laima amma ba ta yi caɓi ba. Sai dai manomin da ya san kasuwa daga baya yake lissafi: ya zaɓi watan da yake son sayarwa, ya cire wata biyar ya samu ranar kabaid, ya sake cire wata 10 zuwa 13 ya samu ranar dashe. Bayan mako huɗu a zaga a maye gurbin waɗanda suka mutu da iri mai ɗan girma, don ya kamo 'yan'uwansa.

Ciyawa

Wata shida na farko abarba tafiyar hawainiya take yi, ciyawa kuwa ba ta jira. Masu hali na shimfiɗa baƙar leda a kan kunya kafin dashe, su huda ta a inda kowace shuka za ta zauna. Tana hana ciyawa, tana riƙe laima, tana kuma rage wata ɗaya ko biyu a tsawon aikin. In babu leda, sai noma da fartanya duk wata, a sama-sama, domin saiwar da fartanya ta yanke ba ta saurin mayarwa. Ana iya feshin maganin ciyawa na diyuron a kan ƙasa mai laima nan da nan bayan dashe, kafin ciyawa ta tsiro. Manoma da yawa na sa masara a hanyoyin tsakiya don su samu na cefane kafin abarba ta zo. Ba laifi, amma zagaye ɗaya kawai, kuma a sare karan da zarar an karya masarar.

Ganyen Pain de Sucre ƙaya gare shi daga tushe har baki. Riga mai dogon hannu, wando mai kauri da safar hannu ba ado ba ne a wannan gona.

Taki: zaƙi daga fotash yake

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko takin zamanin da ake sa wa auduga da yuriya a ce an gama. Takin auduga ya cika fosfat, wanda abarba kaɗan take bukata, fotash ɗinsa kuma bai isa ba. Yuriya na ba da ganye da girma, amma in ta yi yawa ba fotash, sai a samu abarba mai ruwa salam, mai taushin jiki, sandarta ta kasa ɗaukarta, ta kuma lalace a mota kafin a kai iyaka. Ƙa'idar ita ce fotash ya kusa ninka naitirojin sau biyu.

Ga tsarin da za a iya bi a kan kowace shuka, sai dai in gwajin ƙasa ya nuna wani abu dabam:

- Mako 4 zuwa 6 bayan dashe: gram 10 na NPK 15-15-15.
- Wata na 3: yuriya gram 2, salfet na fotash gram 4.
- Wata na 5 ko na 6: yuriya gram 3, salfet na fotash gram 6.
- Wata na 8: yuriya gram 4, salfet na fotash gram 9.

A gona mai shuka 50,000, wannan ya kama buhu 10 na NPK, buhu 9 na yuriya da buhu 19 na salfet, kowane buhu kilo 50. Awon yana ƙaruwa ne domin cin shukar na ƙaruwa da girmanta. Takin da aka jibga mata tana ƙarama ruwa ne ke tafiya da shi. A nemi salfet, a guji jan fotash mai kuloraid in da hali, domin kuloraid na rage girman 'ya da ingancinta.

Kada a auna da ido. A samo murfin kwalba, a cika shi a ɗora a sikeli a san abin da yake ɗauka, a ba kowane ma'aikaci irinsa. Zubin farko a ƙasa ake yi, kusa da gindi. Sauran kuma a hammatar tsofaffin ganyen ƙasa, domin akwai ƙananan saiwoyi a wurin da ke shan takin da zarar raɓa ko ruwa ya narkar da shi. Ƙwayar taki ɗaya da ta faɗa ƙoƙon tsakiya tana ƙone sabon ganye. In zubi ya faɗo a rani, a narkar da takin a yi feshi da sassafe ko da yamma, kada yuriya ta wuce gram 500 a lita 10 na ruwa. A dakatar da yuriya wata guda kafin kabaid. Shukar da ke ƙoshe da naitirojin tana ƙin yin fure.

Kabaid: yadda ake sa gona ta yi fure rana ɗaya

In aka bar abarba da kanta, kowace shuka ranar da ta ga dama take fure, musamman in dare ya yi sanyi, kamar a hunturun Disamba da Janairu ko lumshin watan Agusta. Pain de Sucre na da saurin amsa wannan kira. Sakamakonsa girbi ya warwatse wata da watanni, yau guda hamsin, jibi guda talatin, ba abin da zai cika mota. Tun a ƙarni na 19 manoman tsibiran Azores suka lura cewa hayaƙi na sa abarba fure. A shekarun 1930 aka gano iskar etilin ce ke aikin, kuma iskar asitilin da kabaid ke fitarwa in ya haɗu da ruwa tana yin irinsa. Kabaid ɗin nan dai shi ne na masu walda.

Da farko a tabbatar shukar ta isa, domin girman abarba daga girman uwar yake a ranar da aka zuba. Ba a duba kalanda kaɗai. A tattara ganyen shuka gaba ɗaya a hannu, wanda ya fi tsawo shi ake nema. A fizge shi daga tushe, a yi haka a shuka 20 daga wurare dabam-dabam, a auna. In matsakaicin nauyin ganyen ya kai gram 70 zuwa 80, tsawonsa ya doshi mita ɗaya, gona ta isa. Yawanci hakan na faɗowa a wata na 10 zuwa na 13. In ɓangare ɗaya ya isa ɗaya bai isa ba, a yi wa wanda ya isa, a jinkirta ɗayan. Amfanin ware iri ke nan tun farko.

Haɗin kuwa: a samu duro mai lita 200, a zuba ruwa mai sanyi lita 150, a farfasa kabaid gram 500 ƙanana a zuba. A rufe, amma a bar 'yar kafar da iska za ta fita in ta yi yawa, a riƙa girgizawa kamar minti 10 har tafasar ta lafa. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar, shi ya sa ruwan da ya wuni a rana ba ya aiki. A yi amfani da haɗin nan take. Kowace shuka mililita 50, a tsakiyar ƙoƙo. Ƙaramin gwangwanin tumatir ya isa ma'auni: a zuba masa mililita 50 da sirinji, a yi masa zane a inda ruwan ya tsaya. Duro ɗaya na isar shuka 3,000, ke nan hekta na cin wajen duro 17.

Da dare ake wannan aiki, ko da asuba kafin rana ta fito, lokacin da ƙofofin ganye ke buɗe kuma gari ya yi sanyi. A maimaita bayan kwana 2 ko 3. In ruwa mai ƙarfi ya sauka jim kaɗan bayan zubi, a ɗauka ba a yi ba. Wasu na jefa ƙwayar kabaid, rabin gram zuwa gram ɗaya, kai tsaye a ƙoƙon da ke da ruwa. Yana yi, amma in hannu ya zarce yana ƙone tsakiyar.

Asitilin wuta ce ke jiran ashana. Ba sigari, ba fitilar aci-bal-bal, ba a kusa da murhu, tocila kawai. Kada a yi amfani da bututu ko famfon jan ƙarfe ko tagulla, domin haɗuwarsu da wannan iska na haifar da abin da ke fashewa. Ragowar kabaid a adana shi a gwangwani mai murfi, nesa da laima.

Bayan mako guda ana iya tsaga shuka ɗaya a tsaye a duba: in tsinin tsakiya ya fara kumbura ya yi tudu, ya kama. Tsakanin kwana 35 da 45 za a ga ƙoƙo ya buɗe ya yi ja. A ƙirga a layi goma; in fiye da 90 cikin 100 sun yi, aiki ya yi kyau. Waɗanda suka ƙi, a sa musu alama a sake zuba musu. A rubuta ranar zubin kowane ɓangare a allo a kafa a bakinsa.

Abin da ke kashe gona

Babbar abokiyar gaba ita ce cutar yaushi. Fararen ƙwarin nan ne ke ɗauke da ƙwayarta daga shuka zuwa shuka, tururuwa kuma ita ke kiwonsu: tana ɗaukarsu ta kai sabuwar shuka, ta kare su, ta sha zaƙin da suke fitarwa. Ganye ya yi ja, ya yi laushi, saiwa ta mutu, shukar ta tuge da ɗan ja kaɗan. Ba ta da magani in ta kama. A tumɓuke masu ita da maƙwabtansu a ƙone, a yi feshin ƙwarin a gindin ganye, a bi gidajen tururuwa a gefen gona. Wanda ya kashe ƙwarin ya bar tururuwa, wata biyu za su dawo masa da su.

Ruɓewar ƙoƙo kuwa a damina take zuwa, a inda ruwa ke taruwa. Ganyen tsakiya ya yi fari-fari, in an ja ya zare da sauƙi, gindinsa na wari. Kunya mai tsayi, tsoma iri a magani da hana ƙasa shiga ƙoƙo su ne rigakafinta. Akwai kuma tsutsotsin saiwa da ido ba ya gani, waɗanda ke taruwa a gonar da aka yi ta maimaita abarba. Alamarsu shuka ta tsaya cak duk da taki. Gafiya da gyazbi na zuwa in 'ya ta fara zaƙi, don haka a share kewayen gona.

Rana ma tana ƙuna. Abarbar da ta karkata, musamman a rani, gefen da ke kallon yamma yakan yi fari, daga baya ya ruɓe. Mako 4 zuwa 6 kafin girbi a tattaro dogayen ganyen uwar a ɗaure su a saman 'yar, ko a lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa.

Yanka

Daga ranar kabaid zuwa nuna wajen kwana 140 zuwa 155 ne. Zafi na gaggautawa, sanyi na jinkirtawa. Abarba ba kamar ayaba ko mangwaro ba ce, ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta. Abin da ta tara a jikin uwa shi ke nan, kuma a makonnin ƙarshe take tara mafi yawansa. Tunda wannan iri ba ya canza launi sosai, a duba wasu alamun: idanun ɓawon sun baje sun daina tsini, koren ya ɗan washe, layin idanu na ƙasa ya soma ɗaukar ruwan ɗorawa, ƙamshi na tashi a gindi. Daga kwana na 135 a riƙa yanka biyu ko uku ana ɗanɗanawa. Mai na'urar awon zaƙi ya san cewa digiri 12 ne mafi ƙarancin da kasuwar duniya ke karɓa, ta Allada mai kyau kuwa tana kaiwa 14 zuwa sama.

Akwai jarabar fesa wa 'ya'yan sinadarin etefon don ɓawon ya yi ruwan ɗorawa. Launi kawai yake canzawa, ba ya ƙara zaƙi, kuma yana barin saura a jiki. Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce miligram 2 a kilo ba. Da aka yi ta kama kayan Benin da suka haura haka, gwamnatin ƙasar da kanta ta dakatar da fitar da abarbar da aka rina a ƙarshen 2016, aka yi watanni ana gyara tsarin gwaji. Tun daga nan aka koma tallata Pain de Sucre da korenta, kuma hakan ya fi mata.

A yanka da sassafe, da wuƙa mai kaifi, a bar santimita 2 na sanda a gindi. Fizgewa da hannu na yage gindin, baƙar ruɓa ta samu ƙofa. Kada a jefa, kada a tara a rana; jikinta ya fi na Kayen, wato abarba mai ruwan ɗorawa, taushi, kuma bugun da ba a gani yau gobe zai zama tabo mai ruwa. A ware manya, matsakaita da ƙanana tun a bakin gona: ciniki da lodin akori-kura ake yi ko da arba'in-arba'in, kuma lodin da aka gauraya da kuɗin ƙananan ake saye. Ƙananan su tafi wurin masu matse lemo. A shimfiɗa ganye a ƙasan mota, a jera su tukku na kare jikin ta kusa. Mai ɗakin sanyi ya tsaya a digiri 8 zuwa 10. Ƙasa da 7 cikinta yana yin baƙi.

Bayan girbi kada a yi saurin sare uwaye. A bar 'ya'yan wuya a jikinsu wata ɗaya zuwa uku, a ci gaba da cire ciyawa, a ɗan fesa musu yuriya, a riƙa ɓallar waɗanda suka kai gram 300 duk mako biyu ko uku. Hekta ɗaya mai lafiya na ba da irin da zai dasa fiye da hekta ɗaya, ragowar kuma kuɗi ne. In an gama, a daddatse uwayen a bar su su ruɓe a wurin, sannan a huta da abarba a wannan fili aƙalla shekara guda, a sa waken mukuna ya rufe ƙasar kafin a sake jan kunya.